UWAR KUƊI DA ƊIYANTA: Jawabin malamin lakwal a taron shekara na ƙungiyar ƴan garinmu



Muna farawa da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Muna gaida mai gari, Allah ya ja zamaninsa. Muna gaida liman da malamanmu, Allah ya gafarta musu. Muna gaida iyayenmu dattijai, maza da mata, da shugaban ƙungiya da mataimakansa. Muna gaida ƴan uwanmu ƴan cin rani da suka dawo noman damana, na Yamai da Damagaram da Agadas, na Kano da Legas, na Kwatanu da Abijan, har da waɗanda suka ƙetaro hamada daga Libiya da Aljeriya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, wannan takarda za ta iske su inda suke. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Da shugaba ya ce mu yi magana bisa kasuwanci, mun ce masa wannan magana ta fi ƙarfinmu. Mu alli muka sani da kaye, ba mu taɓa kwana bisa kamyo ba, ba mu taɓa yin gardama da ɗan duwan ba. Ga alhazai zaune a nan waɗanda suka shekara talatin cikin kasuwa. Sai ya ce mana, ai mu ne mutanen gari ke kawo wa lissafinsu in ya rikice, mu ne ke karanta takardar kuɗin da aka aiko, saboda haka mun ga shigar kuɗi garin nan, mun kuma ga fitarsu. Da muka ji haka muka amsa. In mun yi kuskure, manya su gyara mana.

ABIN DA YA DAME MU

Ga hatsi an yanke, an ɗaure, an sa rumbu. Nan da ƴan kwanaki samari za su ɗauki jakunkunansu su nufi tasha. Za su yi wata shida ko bakwai suna dako, suna ga-ruwa, suna tallar shayi, suna kwana bakin kanti cikin sanyi. Gab da damana za su dawo da abin da Allah ya ba su. Wani zai ce: bana kam ba ni komawa, zan kafa tebur, zan sayi injin niƙa, zan shiga awon hatsi. Ya kafa ɗin. Amma kafin kaka ta kewayo, tebur ya koma wurin aza tulu, shi kuma ga shi nan tasha da jakarsa.

Wannan abu mun gan shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowa a nan ya san gidan da ya faru. In aka tambaya, sai a ce ba shi da sa'a, ko a ce an sa masa hannu. Mun yarda arziki na Allah ne. Amma da muka duba da kyau, mun ga yawancin sana'o'in da suka mutu garin nan, ciwonsu ya fara tun ranar da aka kafa su, wurin niyyar mai kafawa. Shi ya sa muke so mu fara da tambaya guda: mi ya sa mutum ke shiga kasuwa?

NIYYA HUƊU

Ta fari ita ce dole. Gona ta yi kaɗan, an raba ta ga magada har ba ta ciyar da gida wata huɗu, aikin gwamnati kuwa babu. Mai wannan niyya ba shi da laifi, kuma yawancinmu nan muka faro. Haɗarinta guda ne: mai yunwa ba ya jiran tukunya ta nuna. Abin da ya sayar da safe shi za a ci da dare.

Ta biyu ita ce son a gani. Wane ya buɗe kanti, ni ma sai na buɗe. Wane ya sayi babur, ni ma sai na saya. Mai wannan niyya ba cinikin ne ya dame shi ba, kirarin da maroƙa za su yi masa ranar buki shi yake hange. Da ya samu riba kaɗan sai babbar riga, sai babbar waya, sai ƙarin aure. Ku duba layin kasuwarmu: mutum biyar jere, kowa da sukari da shayi da sabulu da ashana, ga masu saye ba su ƙaru ba. Huɗu daga cikinsu gasa ce ta zaunar da su.

Ta uku ita ce son kuɗin dare ɗaya. Tun da aka ga zinariya a Jado cikin 2014, samari nawa suka sayar da akuyar uwarsu suka yi arewa? Akwai waɗanda suka samu, mun sani. Amma ku ƙidaya waɗanda suka dawo hannu wofi, da waɗanda ba su dawo ba. Ba mu manta da ramin zinariyar da ya rufta wa mutane a yankin Ɗan Isa cikin watan Nuwamba na 2021 ba. Allah ya jiƙansu. Irin wannan zuciya ce kuma ke sa mutum ya miƙa kuɗinsa ga wanda ya ce masa cikin waya zai riɓanya masa su cikin sati guda. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta huɗu ita ce wadda muka zo roƙon ku a kanta. Mutum ya duba garinsu ya ga wata bukata da ba a biya ba, ya ce ni zan biya ta, in ci halal ɗina a ciki, in rufa asirin gidana, in bar wa ɗiyana abin da za su tsaya bisansa. Mai wannan niyya shekara goma yake lissafi. Ba ya jin kunyar fara ƙarami, ba ya kuma gaggawar a ce masa alhaji. Ko dole ce ta kawo mutum kasuwa, yana iya juya niyyarsa ta koma wannan.

YADDA NA GABA SUKA FARA

Samarinmu na son ambaton Aliko Ɗangote. To, ku tuna shi tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa, shi kuwa Ɗantata, wanda ya rasu Kano cikin 1955, da fataucin goro ya faro bisa hanyar Gwanja kafin ya shiga sayen gyaɗa. Abin da kuke gani yau gini ne na zuriya huɗu.

Amma kada mu tafi nesa, mu tsaya Maraɗi. Cikin shekarun 1950 da 1960 gyaɗa ce babbar hajar ƙasarmu. Kamfunnan Turawa ke ba da kuɗi, ƴan ƙasa ke shiga ƙauyuka suna awo, har aka kafa SONARA cikin 1962. Da yawa daga cikin manyan alhazan Maraɗi nan suka koyi ciniki, suna yaran wani. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya fitar da littafi bisa alhazan Maraɗi cikin 1986. Abin da ya nuna, iyayenmu sun riga sun san shi: yaro kan zauna ƙarƙashin ubangida shekara da shekaru a matsayin bara, ana aikensa, ana ba shi kaya ya kai kasuwar ƙauye ya kawo kuɗi, ana gwada shi da kaɗan kafin a gwada shi da mai yawa. In ya cika amana, ubangida ya ba shi jari ko ya ba shi kaya bashi, ya tsaya da ƙafarsa. Kuma ba a auna attajiri da kuɗinsa kaɗai, ana auna shi da arzikin mutane, watau yawan waɗanda yake iya aike Kano ko Ƙwanni da dukiyarsa ya kwanta ya yi barci.

Ga darasi na fari ke nan. Jarin fari na ɗan kasuwa amana ce. Liman ya sha gaya mana cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza, kuma tun kafin annabci mutanen Makka ke kiransa Amintacce. Yaron da ya ce ba shi da jari, mu tambaye shi: wa zai iya ba ka buhu goma ba tare da shaida ba? In akwai, kana da jari. In babu, can za ka fara aiki.

Darasi na biyu. Da farin 1973 da 1974 ya zo, ciwon gyaɗa ya biyo baya cikin 1975, cinikin gyaɗa ya durƙushe. Alhazan da suka tsira su ne waɗanda suka juya ga hatsi da wake da bisashe da atamfa da jigilar kaya zuwa Najeriya. Ba su auri haja guda ba. Abin da suka riƙe shi ne mutanensu da sanin hanya.

UWA DA ƊIYA

Yanzu mun zo ga abin da muka fi sani, watau lissafi. Hausawa da suka kira jari uwar kuɗi ba su yi kuskure ba. Uwa ce, riba ɗiyarta ce. Kowace mace a nan ta san jar akuyar Maraɗi, mai yawan haihuwar tagwaye. Mai hankali kan sayar da ɗan bunsuru ya bar uwa a turke. Wanda ya yanka uwar ranar suna ya ci nama yini guda, ya kuma rufe turken.

Bari mu kawo misali, kamar yadda muke yi wa yara cikin aji. A ce mutum ya kafa tebur da kayan jikka 50. A ce kullum yana cinikin jikka 5. Cikin kowane dala 10 da suka shiga aljihunsa, a ce ribarsa dala 1 ce. To ribar yini dala 100 ke nan. Amma shi da ya ga jikka 5 cikin aljihu, sai ya ga kamar duk nasa ne. Ya ba da dala 200 na cefane. Bai sha giya ba, bai yi caca ba, gidansa kawai ya ciyar. Amma kullum yana gutsurar dala 100 daga jikin uwa. Cikin kwana 100 ya cinye jikka 50 ƙurmus. Ba ma zai kai kwana 100 ba, don in kaya suka ragu bisa tebur, masu saye ma raguwa suke. Ran da ya farga sai ya ce an yi masa sammu, alhali hannunsa ne.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kaye guda da bik guda. Shafin dama abin da ya shiga, shafin hagu abin da ya fita, har goron da ka ɗauka ka ci da kanka. Wanda bai yi lakwal ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa da ke aji biyar ya rubuta masa kowane dare, ko ya yi aljihu biyu, na uwa dabam, na ɗiya dabam. Kowace Juma'a a ƙidaya kayan da suka rage da kuɗin da ke hannu. In sun kai abin da aka fara da shi, uwa na nan da ranta. Abin da ya hau bisa, shi ne naka.

Shi ma abin da ya hau ɗin, shawararmu a raba shi uku. Kashi ɗaya na gida. Kashi ɗaya ya koma cikin jari. Kashi ɗaya a ajiye don ranar tsautsayi, ko a sa shi cikin tunkiya, don kada ciwon yaro guda ya rufe kanti. In Allah ya sa dukiya ta kai nisabi ta shekara, a fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in. Wanda ba ya lissafi, ta yaya ma zai san zakkarsa?

BASHI DA DANGI

A nan muna roƙon iyayenmu su yi mana gafara, don maganar da za mu faɗa da nauyi. Baba, inna, kawu, gwaggo: da yawa daga cikin teburan da suka mutu garin nan, mu na gida muka kashe su. Yaro ya kafa sana'a yau, gobe kowa ya mai da ita rumbun gidansu. Wannan ya ɗauki sukari, sai kaka. Wancan ya ɗauki sabulu, ai ɗana ne. Buki ya taso, a ce wane mai kanti ne, shi zai yi rago. In ya ce babu, a ce ya yi kuɗi ya manta da zumunci. Kunya ta hana shi magana, uwar kuɗi ta mutu, sa'an nan mu ne kuma za mu ce yaron nan ba shi riƙe abu.

Ba mu ce a yanke zumunci ba, Allah ya kiyaye. Wanda ya ƙi iyayensa ba ya ganin albarka. Abin da muke roƙo, a ba sabuwar sana'a shekara biyu ta yi ƙafa. Ba wanda ke aza wa ɗan maraƙi galma. In kun yi haƙuri da shi ya girma, shi zai nome muku gona shekara da shekaru.

Ku kuma ƴan kasuwa, kyauta dabam, bashi dabam. In za ka ba gwaggonka sabulu, ba ta daga kashin gida, ka ce kyauta ce, ka samu lada. In bashi ne, a rubuta, da ranar biya. Kada kowa ya ji haushi don an rubuta sunansa. Malamai sun gaya mana ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, bisa rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ba a rubuta ba shi ke raba ƴan uwa. Haka kuma akwai sura sukutum da ta yi kashedi ga masu tauye mudu. Tiyar saye da tiyar sayarwa su zama guda. Mai tiya biyu yana cin riba kasuwa uku, ta huɗu kowa ya san shi.

SANIN HAJA

Kada ku ce malam ya zo yana yi mana faɗa kamar shi bai taɓa faɗuwa ba. Mun faɗi, kuma za mu gaya muku yadda aka yi. Wata shekara mu uku, malaman lakwal, muka haɗa abin da muka tara daga albashi muka sayi wake lokacin kaka, da niyyar mu sayar in ya yi tsada. Lissafinmu bisa takarda ya yi kyau ƙwarai. Muka zuba shi cikin buhunan banza, muka jibge cikin ɗaki, muka kulle. Ba mu tambayi kowa ba, don muna ganin mu ne masu ilimi. Da muka buɗe bayan wata huɗu, ƙwari sun mai da rabinsa gari. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce: Mushe, da kun tambaye ni, ai da na gaya muku. Ita cikin toka da rairayi take adana nata tun muna cikin zane. Ga kuma buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda in an ɗaure bakinsa da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu, ana sayar da shi kasuwa, mu ba mu nema ba. Mun iya lissafi, ba mu san wake ba.

Kowace haja da halinta. Ku tambayi mutanen Galmi. Lokacin da aka haƙe albasa, wajen Maris da Afrilu, kasuwa kan cika, kuɗinta ya faɗi. Mai haƙuri kan sa ta cikin rudu ya jira watannin da take wuya, lokacin da ƴan Gana da Kwaddibuwa ke nemanta. Amma ya san wani kashi zai ruɓe, wani zai bushe ya rage nauyi, kuma ya sa wannan cikin lissafinsa tun farko. Haka hatsi. Yawancin shekaru yana araha da kaka, ya yi tsada tsakiyar damana, amma ba kowace shekara ba, kuma wanda ya ɓoye abinci yana jiran mutane su galabaita, ya tambayi liman hukuncinsa. Saboda haka kafin ka sa kuɗinka cikin wata haja, yi shekara guda kana yi wa mai ita aiki. Ladan da za a ba ka kaɗan ne, amma sanin da za ka fita da shi ba a sayar da shi kasuwa.

RANAR FAƊUWA

Mu da ke zaune bakin iyaka, akwai abin da ke faɗo mana wanda ba mu muka jawo shi ba. Dattijai sun tuna watan Afrilu na 1984, da gwamnatin soja ta Najeriya ta canza takardun naira ta kuma rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Abin ya haɗu da fari, har aka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Wanda ya tara dukiyarsa duka cikin naira ƙarƙashin katifa ya wayi gari da takardu. Cikin Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka kuma rufe ta cikin 2023 har zuwa Maris na 2024. Cikin waɗannan shekaru na baya naira ta faɗi ƙwarai, ƴan cin ranin Kano da Legas sun gani da idonsu wurin canji.

Abin da ya faru sau huɗu, biyar, zai iya sake faruwa. Mai niyyar daɗewa yakan sa shi cikin shirinsa. Ba ya zuba dukiyarsa duka cikin kuɗi iri guda, ko mota guda, ko hanya guda. Ba ya kuma sayar da gonarsa don ƙara jari, gona ita ce wurin komawa. In ya faɗi, ya je da ƙafarsa wurin masu binsa bashi ya gaya musu gaskiya, kada ya ɓuya. Ɗan kasuwar da ya rasa kuɗi ya tsira da sunansa, gobe za a sake ba shi kaya. Wanda ya gudu da kuɗin mutane, ko ya dawo da mota, ba mai ba shi ajiyar allura.

ABIN DA MATA SUKA RIGA MU GANEWA

Mu maza sai mu sunkuyar da kai kaɗan. Cikin 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara cikin jihar Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE. Tsarin ba shi da wuya: mata su taru kowane sati, kowa ta zuba abin da aka yanka, a sa cikin asusu a kulle, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta maido, in lokaci ya cika a fasa a raba gaban kowa. Wannan dubara da aka faro ƙasarmu ta bazu cikin ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Ku duba mai ƙuli-ƙuli da mai ƙosai da mai fura ta garin nan. Wata ta shekara ashirin bisa sana'a guda da jarin da bai kai kuɗin wayar wani saurayi ba, ta yi wa ɗiyanta kayan ɗaki, jarin kuma yana nan. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta taɓa haɗa kuɗin gyaɗa da kuɗin mai a ƙulli guda ba.

GIRMAN SANA'A

In Allah ya sa sana'a ta kama, yaushe za a faɗaɗa? Amsarmu: in masu saye sun fara komawa don kaya sun ƙare, kuma ribar da aka tara ta isa. Kada a faɗaɗa da bashi don maƙwabci ya faɗaɗa. Kuma mutum ɗaya iyakarsa tebur ɗaya. Ran da kake son na biyu, kana bukatar yaro amintacce, shi kuwa ba a tsintarsa, renonsa ake. Ka biya shi haƙƙinsa kan lokaci, ka nuna masa inda kake sari, ka yanka masa ranar da za ka sallame shi da jari. Wasu na tsoron in sun koya wa yaro zai ƙwace musu kasuwa. Alhazan da muka ambata ba su yi wannan tsoro ba, yaran da suka sallama su suka zama idonsu da hannunsu cikin wasu garuruwa.

Mu ma malamai muna da namu laifi. Mun daɗe muna nuna wa yara cewa ƙarshen karatu shi ne kujera cikin biro, har yaro mai takarda ya ga tallar kaya ƙasƙanci ce. Mun tuba daga wannan. Karatu ba ya hana awo, gyara shi yake.

ABIN DA MUKE KAWO GABAN ƘUNGIYA

Kada magana ta tashi a iska, ga shawara huɗu, manya su duba.

Ta ɗaya: asusun ƙungiya, wanda muke taɓawa don rasuwa da gyaran rijiya da masallaci, a ware wani kashi daga cikinsa, kowace shekara a ba saurayi biyu ko uku jari. Kada a sa ruwa bisa kuɗin. A yi yadda malamai suka yarda, mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai aiki ya kawo aiki, a raba riba bisa yadda aka shirya tun farko, liman zai yi mana bayanin sharuɗɗansa. Maƙwabtanmu Fulani na da habbanaye: a ba mutum saniya aro, ta haihu, ya riƙe ɗiyan, ya maido uwar a ba wani. Haka muke so kuɗin nan su riƙa kewayawa.

Ta biyu: ba za a ba kowa ba sai wanda ya yi shekara guda aƙalla ƙarƙashin mai sana'ar, ubangidansa ya shaide shi, ya kuma yarda ya kawo kayensa a duba kowane wata uku.

Ta uku: kowane ɗan garin nan da Allah ya buɗa wa a Maraɗi, ko Yamai, ko Abijan, ya ɗauki yaro guda daga gida ya koya masa, da alkawarin sallama.

Ta huɗu: mu malaman lakwal mun ɗauki alkawari, duk ranin bana, dare biyu cikin sati bayan sallar lisha, ajinmu a buɗe yake ga duk mai son koyon rubuta shiga da fita, babba ko yaro, mace ko namiji, ba a biyan ko dala. Ku zo da fitila, mu za mu kawo alli.

Akwai kuma maganar tsadar buki da kayan aure, wadda ke cinye cin ranin shekara biyu cikin kwana uku. Wannan ta fi bakinmu, mun bar ta hannun mai gari da liman da iyayenmu mata.

Ku ƴan uwa masu shirin tafiya, kafin ku hau mota kowa ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa: kuɗin da zan wahala in samo, mi zan yi da su, kuma cikin niyyoyin nan huɗu wace ce tawa? Ya yanke tun yanzu nawa ne uwa wadda ba a taɓawa, ya gaya wa mahaifinsa gaban shaida, don kada a yi rigima ran da ya dawo. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku lafiya. Allah ya sa albarka cikin nemanmu, ya tsare mu daga haram da cin amana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damana mai albarka. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure namu ne, a yafe mana.